Gwani a Fili, Azzalumi a Gida

Duk wanda ya ratsa ta Tudun Wada ko Ƙofar Doka da yammacin Asabar, ko ya leƙa Dutsen Abba a daren da ake buga gasar zakarun Turai, ba ya buƙatar a gaya masa inda matasanmu suke. Suna gidan kallon ƙwallo, an cika bencina maƙil, janareto na ta ruri, ana musu kamar za a ba hammata iska. Wannan ya ce ƙungiyarsa ta yi cinikin da ba a taɓa yin irinsa ba, wancan ya ce kuɗi kawai aka zubar. Ba yau za mu yi maganar lokacin da ake kashewa a wurin ba, ko sallolin da ake jinkirtawa don kada a rasa minti biyar. Wannan magana ce ta wata Juma'ar. Abin da ya sa muka ɗauko batun ƙwallo a wannan mako shi ne wata tambaya da kan taso a tsakiyar irin wannan musu, a yi saurin danne ta da dariya, alhali kuwa ta fi sakamakon kowane wasa muhimmanci. Tambayar ita ce: shin ya dace ƙungiya ta sayi ɗan wasan da aka sani da dukan matarsa, don kawai ya iya zura ƙwallo a raga?

Amsar da aka fi ji daga bakin samari ita ce, "Ina ruwanmu da cikin gidansa? Mu dai ƙafarsa muka saya." Wani ma ya ƙara da cewa ai tsakanin miji da mata sai Allah. To, mu a wannan jarida ba mu yarda da wannan amsa ba, kuma ba za mu yi nuƙu-nuƙu wajen faɗin matsayinmu ba. Mutumin da ya tabbata yana dukan matarsa, bai amsa laifinsa ba, bai biya ta haƙƙinta ba, ba a kuma ga ya sauya hali ba, bai cancanci a sa masa rigar ƙungiya a fito da shi gaban dubban yara suna kiran sunansa ba, ko da kuwa shi kaɗai ne zai ciyo kofin. Wanda zargi kawai aka yi masa, aka bincika ba a same shi da komai ba, zalunci ne a hana shi sana'arsa. Wanda kuwa ya tuba tuba ta gaskiya, babu mai ikon rufe masa ƙofar da Allah bai rufe ba. Abubuwa uku ke nan: zargi, tabbaci, da tuba. Duk ruɗanin da ake yi a kan wannan al'amari yana zuwa ne daga cakuɗa su wuri guda.

Bari mu fara da yadda masu harkar a Turai da Amurka suke yi, tunda su ne matasanmu suka zuba wa ido. A watan Janairun 2022 'yan sanda a Ingila suka kama Mason Greenwood, ɗan wasan gaba na Manchester United, mai shekara 20 a lokacin, bayan wasu hotuna da wata murya da aka naɗa sun bazu a intanet. A watan Oktoba na wannan shekara aka tuhume shi da yunƙurin fyaɗe, da duka, da ƙuntata wa wata mace. A watan Fabrairun 2023 masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar, suka ce manyan shaidu sun janye kuma wasu sababbin bayanai sun ɓullo. Shi dai ya musanta aikata abin da aka zarge shi da shi, ko da yake ya amsa cewa ya yi kurakurai. Mu ba kotu ba ne, kuma ba za mu yanke masa hukuncin da kotu ba ta yanke ba. Abin da muke so mai karatu ya lura da shi shi ne halin ƙungiyoyin. Manchester United ta yi wata shida tana nata binciken, rahotanni suka nuna shugabanninta sun karkata ga mayar da shi fili. Sai da wasu mata magoya bayan ƙungiyar suka fito da kwalaye a ƙofar Old Trafford, jama'a suka yi caa, sannan a watan Agustan 2023 ta sanar cewa zai je ya ci gaba da wasa a wani wuri, tare da cewa ita bincikenta ya nuna bai aikata laifukan da aka tuhume shi da su ba. Ba a yi mako biyu ba Getafe ta Sifaniya ta karɓe shi aro. A watan Yulin 2024 Marseille ta Faransa ta saye shi a kan kimanin Yuro miliyan 30, duk da cewa magajin garin Marseille ɗin, Benoît Payan, ya fito fili ya nuna bai yarda ba. A kakar 2024/2025 ya ci ƙwallo 21 a gasar Faransa.

Yanzu ɗan uwa ka tambayi kanka: idan United ta gamsu cewa yaron nan bai yi laifi ba, me ya hana ta tsayawa a kan gaskiyarta? Idan kuma ba ta gamsu ba, me ya sa ta faɗa wa duniya akasin haka, sannan ta miƙa hannu ta karɓi kuɗin sayar da shi? Amsar ba ɓoyayya ba ce. Ba gaskiya suka auna ba, ba kuma haƙƙin wani ko wata suka auna ba. Sun auna ne ko hayaniyar jama'a za ta kori masu talla.

A Amurka ma haka abin yake, a ƙwallonsu irin wadda ake runguma a ruga da ita. A watan Fabrairun 2014 wani ɗan wasan ƙungiyar Baltimore Ravens mai suna Ray Rice ya naushi matar da zai aura a cikin na'urar hawa bene ta wani otal, ta faɗi sumammiya. Hukumar gasar ta san da maganar, amma wasa biyu kacal ta dakatar da shi. Sai a watan Satumba da hoton bidiyon naushin ya fito duniya ta gani, a ranar ƙungiyarsa ta kore shi. To, me ya sauya tsakanin Fabrairu da Satumba? Naushin dai shi ne, matar ita ce. Abin da ya ƙaru kawai shi ne idon jama'a. Rice ya fito ya amsa laifinsa ya nemi gafara, amma babu ƙungiyar da ta sake ɗaukarsa, dama kuma ƙarfinsa a fili ya fara raguwa tun kafin nan. A daidai wannan lokaci wani mai suna Greg Hardy, wanda alƙali ya same shi da laifin dukan budurwarsa a watan Yulin 2014, ya ɗaukaka ƙara, aka kori shari'ar a farkon 2015 saboda matar ba ta zo kotu ba, nan da nan ƙungiyar Dallas Cowboys ta ɗauke shi, domin shi yana kan ganiyarsa. Wanda ya nemi gafara an yar da shi saboda ya daina kawo riba, wanda yake da sauran amfani kuwa an buɗe masa ƙofa ba tare da an tambaye shi komai ba.

Mafi muni daga cikin misalan shi ne na Brazil. Bruno Fernandes de Souza, mai tsaron gida kuma kyaftin na ƙungiyar Flamengo (ba Bruno Fernandes ɗan Fotugal da matasa suka sani ba), matar da ta haifa masa ɗa ta kai ƙararsa ga 'yan sanda tun a 2009 cewa yana cin zarafinta, ba ta samu kariyar da ta nema ba, shi kuwa ya ci gaba da kama ƙwallo ana yi masa tafi. A 2010 aka kashe ta. A 2013 kotu ta ɗaure shi shekara 22 saboda hannunsa a kisan. Da aka sake shi na ɗan lokaci a 2017 yana jiran ɗaukaka ƙara, cikin makonni kaɗan ƙungiyar Boa Esporte ta ba shi kwantiragi, kafin babbar kotun ƙasar ta mayar da shi kurkuku. Wal'iyazu billah! Wannan shi ne ƙarshen hanyar da ake farawa da "ina ruwanmu da cikin gidansa".

Wannan shi ne ma'aunin 'yan jari-hujja: mutum ana kimanta shi da abin da zai shigo da shi aljihu, hawayen raunana kuwa ba ya shiga lissafi sai ranar da zai jawo asara. Abin takaici shi ne matashi Musulmi ya zauna a kan benci a Zariya, bai samu ko sisin kwabo daga cinikin ba, amma ya ari wannan ma'auni ya riƙa kare shi da jijiyar wuya.

Sai dai kuma adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya ɓangaren, kuma misalinsa yana kusa da mu. A watan Afrilun 2017 jaridun Ingila da na Nijeriya suka cika da labarin cewa 'yan sanda sun kama Ahmed Musa, lokacin yana wasa a Leicester City, bisa zargin cin zarafi a cikin gidansa. An yi masa tambayoyi, aka sake shi, 'yan sanda suka rufe maganar ba tare da tuhumarsa da komai ba. A wajenmu magana ta ƙare a nan. Da ya dawo Kano Pillars a 2021, babu wani dalili na shari'a ko na hankali da zai sa a ce kada a karɓe shi, kuma wanda duk ya ci gaba da jifansa da wannan zargi shi ne mai laifi. Addininmu ya yi mana horo da bin diddigin labari kafin mu cutar da wani cikin jahilci mu dawo muna nadama, ya kuma ɗora wa mai da'awa nauyin kawo hujja. A wannan zamani da kowa ke riƙe da waya, yaro ɗaya a Facebook zai iya zubar da mutuncin bawan Allah kafin la'asar. Don haka ba mu ce a kori mutum da zarar an ambaci sunansa ba.

Amma a kula: bincike daban, binnewa daban. Mun san yadda ake kashe irin wannan magana a unguwanninmu. Mace ta fito da kumburarren ido ta nufi gidansu, uwa ta ce ta yi haƙuri haka kowa ta zauna, uba ya ce kada ta kunyata shi, dangin miji su zo biko da goro, a mayar da ita kafin kumburin ya saɓe. Idan ta yi ƙarfin hali ta kai ƙara, a taru a kanta har sai ta janye. Irin wannan janyewa ba wanke miji ta yi ba, gajiyar da mace aka yi. Kocin da ya ga raunin da idonsa, ko maƙwabtan da suka sha jin ihu ta katanga, ba su da damar fakewa da cewa ai ba a je kotu ba.

Masu cewa tarihin mutum a gidansa sirrinsa ne, su koma su karanta abin da ya faru da Fatima 'yar Ƙaisu, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Ta je wajen Manzon Allah (SAW) neman shawara a kan mazan da suka fito neman aurenta. Bai ɓoye mata ba cewa ɗaya daga cikinsu, Abu Jahm, mai dukan mata ne, ya kuma ba ta shawarar ta auri Usama ɗan Zaidu. Malamai sun kafa hujja da wannan cewa bayyana irin wannan hali ga mai neman shawara nasiha ce, ba gulma ba ce. Ashe ke nan dukan mata hali ne da ake lissafawa a kan mutum idan za a ba shi amana.

Masu cewa kuma gwani daban yake, a yi masa uzuri saboda ƙungiya ba za ta iya rabuwa da shi ba, su tuna da labarin matar nan ta gidan Banu Makhzum, babban gida a Ƙuraishawa, wadda ta yi sata. Manya suka damu, suka tura Usama ya yi mata ceto. Manzon Allah (SAW) ya yi fushi, ya tashi ya yi huɗuba ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummomin da suka gabata shi ne ƙyale mai daraja idan ya yi laifi, da hukunta mai rauni, ya kuma rantse cewa ko 'yarsa ce ba zai ɗaga mata ƙafa ba. To, mu tambayi kanmu tsakani da Allah: ɗan benci da ba ya tsinana komai, in ya fasa wa matarsa baki, wa zai tsaya masa? Amma mai lamba tara, wanda ya ciyo mana kofi bara, nan take za a samo masa uzuri goma. Wannan ita ce cutar da aka yi mana gargaɗi a kanta, ta sake sutura kawai.

Dalilin da ya sa maganar ɗan ƙwallo ta bambanta da ta birkila ko ɗan acaba shi ne rigar ƙungiya ba aiki ce kawai ba, girma ce. Birkila in ya gama gini ya karɓi kuɗinsa ya tafi, babu yaron da zai rubuta sunansa a bayan riga. Ɗan ƙwallo kuwa, askinsa ake kwaikwayo, tafiyarsa ake kwaikwayo, har yadda yake murna in ya ci ƙwallo. Yaron da ya kwaikwayi aski zai kwaikwayi hali. Idan ɗan shekara goma sha biyu ya ji jiya ana ihu a gidan wane, yau kuma ya ga an ɗaga wanen nan sama ana yi masa kirari, darasi ya riga ya shiga kansa: in dai kana da abin da mutane ke so, ka yi abin da ka ga dama a gidanka. Ita kuwa matar da ke cikin ɗaki tana jin ana kiran sunan wanda ya karya mata hannu, an gaya mata matsayinta a wajen unguwa ba tare da an buɗe baki ba.

Mun san akwai wanda zai ɗaga murya ya ce ai Alƙur'ani ya halatta duka. Ɗan uwa, ka ji tsoron Allah kada ka mayar da Littafinsa mafakar zuciyarka. Ayar da kake nufi a Suratun Nisa'i ta zo ne a kan wani hali keɓantacce, bayan matakai na nasiha da ƙauracewa, kuma malaman tafsiri sun ɗaure ta da sharuɗɗa: ba a taɓa fuska, ba a barin tabo, ba a jin ciwo. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa abin bai wuce kamar taɓawa da asuwaki ba, Aɗa'u ɗan Abi Rabah kuwa, babban malamin Makka, ya tafi a kan cewa barinsa gaba ɗaya shi ne abin yi. Ina wannan ina naushi, da bel, da wayar wuta, da shuri a cikin mai juna biyu? Sama da duk wannan, Uwar Muminai A'isha ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Da mata suka taru a gidansa suna kuka da mazajensu, ya bayyana cewa masu yin haka ba su ne zaɓaɓɓun al'umma ba. Ya kuma sanya kyautata wa iyali ya zama ma'aunin alherin mutum, ya sake yin wasiyya da mata a huɗubarsa ta Hajjin Bankwana. Wanda yake iƙirarin koyi da shi, ga abin koyi nan.

Wannan kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu suke hukunci da shi, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shehu Khalil, mace tana da damar a raba aurenta saboda cutarwa bayyananna ko da ba a tabbatar an maimaita ba, alƙali kuma yana da ikon ladabtar da mijin. Shehu Usman ɗan Fodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga mazan da suke wulaƙanta matansu da 'ya'yansu mata, suna barinsu cikin jahilci, suna mu'amala da su kamar kayan aikin gida. Sama da shekara 200 ke nan. Don haka kada wani ya ce mana Turawa ne suka koya mana wannan magana; Turawan ma ga yadda suke sayar da ita in farashi ya yi kyau.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka matsalar ta mutanen talabijin ce. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure, masu shekara 15 zuwa 49, sun fuskanci duka, ko tilastawa, ko cin mutunci daga mazajensu. Wato fiye da mace ɗaya cikin uku. A watan Afrilun 2022 wata mawaƙiyar coci mai suna Osinachi Nwachukwu ta rasu a Abuja, sai bayan rasuwarta makusantanta suka fara bayyana irin azabar da ta sha a gidan miji. A watan Afrilun 2025 kotu ta yanke wa mijin hukuncin kisa. A watan Disambar 2024, a wani taro a Jami'ar Bayero, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya ce yakan gaya wa 'ya'yansa mata in za su tafi gidan miji cewa idan aka mare su su rama. Maganar ta jawo ce-ce-ku-ce. Mu ba ramuwar mari muke kira a yi ba, amma ya kamata mu ji kunya a ce abin ya kai uba ba shi da tabbacin unguwa za ta tsaya wa 'yarsa. Ta fuskar doka ma, a watan Mayun 2015 gwamnatin tarayya ta sa hannu a kan dokar hana cin zarafin jama'a, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar da za ta iya kai Naira 200,000, ko duka biyun, ga wanda ya daki abokin aurensa. Jihar Kaduna ta yi tata irin dokar a 2018. Amma doka a takarda ba ta shiga zaure sai mutanen zauren sun buɗe mata.

To, ina matsayin wanda ya yi laifin ya tuba? Ƙofa a buɗe take, amma tuba tana da sharuɗɗan da malamai suka lissafa: a daina saɓon, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba, in kuma akwai haƙƙin wani a ciki a mayar masa ko a nemi yafewarsa. Wannan na huɗun shi ne wanda 'yan ƙwallo da lauyoyinsu suke tsallakewa. Takardar ban haƙuri da aka rubuta wa magoya baya ba tuba ba ce, domin ba magoya baya aka daka ba. Ɗaga yatsa sama ko yin sujada a fili bayan an ci ƙwallo ba ya biyan kuɗin ɗorin hannun da aka karya. A duba labarin Ka'abu ɗan Maliku da abokansa biyu da suka ƙi fita yaƙin Tabuka. Laifinsu daban ne da wanda muke magana a kai, amma tsarin da aka bi da su darasi ne. Ka'abu shahararren mawaƙi ne da Musulmi suke ji da shi, amma shahararsa ba ta hana a ƙaurace masa kwana 50 ba. Shi kuwa bai ƙirƙiro uzuri ba, ya faɗi gaskiya a kan kansa. Da aka karɓi tubarsa, jama'a suka rungume shi, ba a sake goranta masa ba. Amsa laifi da farko, sai horo mai iyaka, sannan karɓa da hannu biyu. Wannan shi ne tsarin da muke kira a bi.

Akwai wata hujja mai nauyi da wasu ke kawowa, kuma ba za mu yi watsi da ita ba. Sukan ce idan aka hana mutum wasa, matar da 'ya'yanta ne za su kwana da yunwa, kuma tsoron haka zai sa wasu matan su yi shiru da bakinsu don kada abincin gidan ya yanke. Wannan gaskiya ne. Amma maganinsa ba shi ne a rufe ido ba. Maganinsa shi ne ƙungiyar da ke biyan albashi, idan ta dakatar da ɗan wasa, ta ware wani kaso na kuɗinsa ta miƙa kai tsaye ga matar da yaran, ta biya kuɗin magani daga ciki, ta yadda horon zai faɗa kan mai laifi, ba kan wadda aka zalunta ba. Kuma mu ba mu ce a hana shi neman abinci ba. Kasuwa na nan, gona na nan. Abin da muka ce a janye masa na ɗan lokaci shi ne tafi da kirari.

Saboda haka muna kira ga hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, da masu gudanar da gasar ƙwararru, da manyan ƙungiyoyin Arewa irin su Kano Pillars da Katsina United, waɗanda da kuɗin talakawa gwamnatocin jihohi suke ɗaukar nauyinsu, da su rubuta ƙa'ida bayyananna a kan wannan lamari su sa ta a cikin kwantiragin kowane ɗan wasa, tun kafin abin ya faru da wanda ba sa son rabuwa da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙa'idar da aka rubuta bayan an san sunan mai laifi, son rai ne zai riƙe alƙalamin.

Amma kiranmu mafi girma ga ƙungiyoyin unguwa ne, na Dutsen Abba da Tudun Wada da Gyallesu da Sabon Gari da Samaru, inda babu miliyoyi, babu lauyoyi, inda koci ya san gidan kowane ɗan wasa da sunan mahaifinsa. Ku ne kuka fi kowa sauƙin yin adalci, domin ku ba ku da mai talla da za ku ji tsoro. Idan magana ta taso a kan ɗayanku, kada ku yanke hukunci a majalisa ko a waya. Ku sa dattawa biyu ko uku masu amana, da limami, su ji ta bakinsa, a kuma samu mace dattijuwa ta ji ta bakin matar a inda ba za ta ji tsoro ba. In ƙarya ce, ku wanke shi a bainar jama'a kamar yadda aka ɓata shi. In gaskiya ce, ku karɓe rigar, ko da gobe ne wasan ƙarshe. Kada ku tilasta wa matar janye ƙara in ta zaɓi zuwa gaban alƙali, haƙƙinta ne. Ƙungiyar maƙwabta kuma kada ta yi murnar tsintar gwani a banza. Wanda aka dakatar a nan saboda wannan dalili, kada a ba shi riga a can. In ya amsa, ya biya, aka ga sauyi na tsawon lokaci, wadda ya cutar kuma ta shaida haka da bakinta ba don an matsa mata ba, to ku mayar masa da rigarsa, kada wanda ya sake tayar masa da maganar.

Daga ƙarshe, ɗan uwa matashi, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abu ne mai sauƙi ka la'anci wani ɗan wasa a Brazil ko Amurka. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ba su yi aure ba tukuna, wasu kuma amaryarsu ko shekara ba ta yi ba. Uzurin da kake yi wa gwaninka yau, shi ne wanda za ka yi wa kanka gobe idan ranka ya ɓaci a cikin ɗaki, babu alƙalin wasa, babu 'yan kallo, sai kai da baiwar Allah da iyayenta suka ba ka amana da sunan Allah. Ka tuna kana da ƙanwa, wata rana kuma za ka aurar da 'ya. Ƙarfin namiji, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya koyar, ba a kayar da mutane yake ba, a mallakar kai ne lokacin fushi. Ƙungiyar da ta rasa kofi saboda ta ƙi ɗaukar azzalumi ba ta yi asara ba, domin kofi baɗi ma za a sake sa wani. Haƙƙin wadda aka zalunta kuwa yana nan a rubuce har ranar da babu mai ceton wani da gwanintarsa.

Allah Ya ba mu ikon tsayawa tare da wanda aka zalunta ko da a kan wanda muke so ne, Ya kyautata mu ga iyalanmu, Ya sa mu dace. Amin.